Sanin Makamar Aiki a Gidan Jarida: Tambayoyin da 'Yan Koyo Suka Fi Yi

Ni ma ta wannan ƙofa na shigo aikin jarida. Wata uku na yi ina ɗan koyo, da littafin rubutu a hannu, ina zama a kujerar duk wanda bai zo aiki ba. Daga baya aka riƙa turo min ɗalibai ina lura da su, sai na ga tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Su ne na tattara a nan. Na yi amfani da "ka" don sauƙin magana, amma da maza da mata nake.

Me ake nufi da zuwa sanin makamar aiki a gidan jarida?

Ɗan lokaci ne, daga mako biyu zuwa wata shida, da gidan jarida ke karɓar ɗalibi ko wanda bai daɗe da gama karatu ba, ya zauna cikin ma'aikata ya ga yadda ake haɗa jarida, a kuma sa hannunsa a ciki. Wasu makaranta ce ke turo su da takarda, a ƙarshe a ba su maki. Wasu da ƙafarsu suke zuwa.

Abu biyu ne suka raba shi da aji: agogo da mai karatu. A aji in ka makara da aiki, malami na iya ɗaga maka ƙafa zuwa gobe, in kuma ka rubuta suna ba daidai ba, maki ɗaya ne ya tafi. A nan injin buga jarida ba ya jiran kowa, sunan da ka ɓata kuwa na wani mutum ne mai rai, wanda gobe da sassafe zai bugo waya yana faɗa.

Ta yaya zan samu gurbi?

Rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga mutum ɗaya da sunansa, galibi editan labarai, ka faɗi lokacin da kake so da sashen da ya fi jan hankalinka. Haɗa da rubutunka biyu ko uku, ko da a jaridar makaranta suka fito. Kafin ka aika, karanta jaridar mako guda cur, don tambayar farko da za a yi maka ita ce wane labarinmu ka karanta kwanan nan. Na taɓa karɓar wasiƙa mai kyau da sunan jaridar da muke gasa da ita a samanta. Mai ita ya aika wa gidaje da yawa ne ya manta bai canja ba, kuma a nan maganarsa ta ƙare.

Kada ka raina ƙaramar jarida. Inda ma'aikata suka yi kaɗan, dole a tura ɗan koyo kotu ko wurin gobara tun makon farko. A babban gida kana iya gama wata guda kana kallon ƙeyar mutane.

Wane ne wane a ɗakin labarai?

Babban edita shi ke ɗauke da alhakin duk abin da aka buga, amma ba kasafai za ka yi hulɗa da shi ba. Wanda rayuwarka ke hannunsa shi ne editan labarai: shi ke raba aiki da safe, shi ke tambaya ina labarin da yamma. Ƙarƙashinsa akwai 'yan rahoto, kowa da fannin da ya riƙe, kamar kotu, lafiya, kasuwanci, siyasa ko wasanni. Sai masu tace labari, waɗanda ke gyara rubutu, su rage shi ya shiga gurbinsa, su sa masa kanu. Akwai masu ɗaukar hoto, masu tsara shafi, da masu kula da shafin intanet. Labaran ƙetare kuwa yawanci daga kamfanonin dillancin labarai ake sayensu, irin su AP da aka kafa a 1846, da Reuters a 1851, da AFP ta Faransa.

In kana son ka koyi rubutu da gaske, nemi kujera kusa da masu tace labari. Ba a ganin sunansu a jarida, amma duk wani kuskure ta hannunsu yake bi, kuma yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su dalilin gyaran da suka yi. Sai dai ka kula da lokaci. Awa biyu kafin a rufe shafi, ko gaisuwa doguwa laifi ce.

Kwana goma ke nan ba wanda ya ba ni aiki. An manta da ni ne?

An manta da kai, amma ba da mugun nufi ba. Editan da ke da shafi takwas a gabansa ba shi da sararin tunanin me zai ba ɗan koyo, kuma ba zai damƙa maka labari mai nauyi ba tun bai san ko za ka dawo da shi ba. In ka je ka ce, "Yallaɓai, akwai abin da zan yi?" amsar ita ce "bari zan neme ka," ba kuwa zai neme ka ba. Ka je da abu a hannu: "Yallaɓai, na lura an rufe ɗakin karatu na jama'a tun makon jiya, ba wata sanarwa. In je in tambayo?" Wannan tambaya e ko a'a kawai take bukata, kuma sau da yawa e ce.

Ka roƙi izinin zama a taron safe, inda ake yanke abin da za a bi a ranar. Ka yi shiru ka saurara. A nan za ka ji dalilin da ya sa aka ɗauki wani labari aka watsar da wani, abin da ba littafin da zai koya maka sosai. Ka kuma roƙi wani ɗan rahoto ya tafi da kai in zai fita, ko jakarsa ce ka riƙe.

Aikin da ake ba ni ƙanana ne: juyar da hira zuwa rubutu, sake rubuta sanarwa, buga waya. Ba ɓata lokaci ba ne?

Da waɗannan ake auna ka, kuma da su kaɗai. Edita bai damu da ko kana da azanci ba tukuna. Abin da yake son sani shi ne in ka ce masa mutum 12 ne, shin 12 ɗin ne, ko sai ya sake bugawa da kansa ya tabbatar. In aka ba ka sanarwar manema labarai ta shafi uku aka ce ka mayar da ita kalma 80, ana duba ko za ka gano abin da yake sabo a cikinta, wanda masu sanarwar suka saba ɓoye shi a sakin layi na ƙarshe, ko za ka kwashe yabon kan da suka cika ta da shi ka miƙo.

Juyar da hirar wani kuwa darasi ne kyauta. Kana jin inda gogaggen ɗan jarida ya yi shiru ya bar mutum ya ci gaba da zuba, da inda ya maimaita tambaya sau uku da kalmomi daban-daban har aka amsa. Ni a nan na fara gane cewa amsa mafi daɗi takan zo ne bayan an ce "to mun gode," lokacin da mutum ya saki jiki.

Edita ya ce na "binne labarin." Me yake nufi?

Yana nufin abin da ya fi muhimmanci yana can ƙasa. Ɗan koyo yakan rubuta labari yadda abin ya faru: an buɗe taro, shugaba ya yi maraba, wane ya yi jawabi, sai a sakin layi na bakwai a ce ma'ajin ya ajiye aiki a fusace. Labarin shi ne ma'aji ya ajiye aiki, da shi za a fara. Tsarin da ake bi shi ake kira dala a kife, wanda ya yaɗu a jaridun Amurka a ƙarshen ƙarni na 19: mafi nauyi a sama, sauran su biyo baya gwargwadon muhimmancinsu, ta yadda in wuri ya ƙure mai tace labari zai yanke daga ƙasa ba a rasa komai ba.

Jimlar farko da ta biyu su amsa tambayoyi huɗu: waye, me, ina da yaushe. Me ya sa da ta yaya su zo bayansu. In ka rasa ta inda za ka fara, ka ɗauka abokinka ne ya tare ka a bakin ƙofa ya ce me ya faru a can. Abin da ya fara fita daga bakinka shi ne farkon labarin.

An canja rubutuna har ban gane shi ba, sunana ma bai fito ba. In yi magana?

A kan gyara, a'a, sai dai in gyaran ya shigo da kuskure, a nan kam ka yi magana nan take. In ba haka ba, ajiye abin da ka rubuta gefe da abin da aka buga, ka bi su layi-layi. Cikin mako uku za ka ga kurakuranka iri uku ne ko huɗu da suke ta dawowa.

Batun suna kuwa kowane gida da ƙa'idarsa. Wasu ba sa sa sunan ɗan koyo a gajeren labari, wasu suna sa shi a ƙasa a matsayin wanda ya taimaka. Ka tambayi ƙa'idar tun makon farko, kafin rai ya ɓaci. In kai ka samo labari, ka yi hirarsa, ka rubuta, sai ya fito da sunan wani, kana da damar zuwa wurin editan labarai cikin ladabi, kai kaɗai, washegari da safe. Ba a yin wannan magana a gaban jama'a, ba a kuma kai ta Facebook.

An tura ni hira ni kaɗai. Me zan kiyaye?

Ka faɗi sunanka da sunan jaridar tun farko, kada ka ɓoye cewa bugawa za a yi. Ka sa mutum ya rubuta maka sunansa da muƙaminsa da hannunsa, ko ya faɗa maka harafi-harafi, ko da sunan da kowa ya sani ne. Ka nemi izini kafin ka naɗi murya, domin doka ta bambanta: a jihar Kalifoniya ta Amurka, misali, sai kowane ɓangare ya yarda. Ko kana naɗa, ka riƙa rubutawa, don waya takan mutu a daidai inda ake bukatarta. A Birtaniya har yau ana horar da masu koyon jarida rubutun gaggawa har su kai kalma 100 a minti ɗaya, musamman saboda kotu, inda ba a yarda a naɗi sauti haka kawai ba.

In wanda ka yi hira da shi ya zargi wani, labarinka bai cika ba sai ka ji ta bakin wanda aka zarga, ko aƙalla ka nuna ka neme shi, da lokacin da ka neme shi. Kafin ka tashi, karɓi lambar waya, don da wuya ka koma ofis edita bai yi maka tambayar da ka manta ba. Littafinka kuma kada ka yar da shi. Za ka ga dalili a ƙasa, a amsar da ke magana kan kuskure.

Wani ya ce zai faɗa min abu amma kada in ambaci sunansa. In yarda?

Kada ka yi wannan alkawari kai kaɗai. Ka ce, "Bari in tuntuɓi editana," domin alkawarin ya hau kan jaridar gaba ɗaya, edita kuma zai so ya san wace ce majiyar ko da ba za a buga ba. Sannan ku fayyace abin da ake nufi tun kafin ya fara magana: a buga maganar a sakaya sunansa ne, ko kuwa kada a buga sam, haske kawai yake ba ka? Mutane da yawa ba su san bambancin ba, sai abu ya fito a yi ta rigima. Ka kuma tambayi kanka me ya sa yake faɗa maka. Ruwa ba ya tsami banza, kuma mai son sukar abokin gabarsa daga ɓoye ya fi son ɗan koyo, don ya san ba zai matsa masa da tambaya ba.

In an riga an yi alkawari kuwa, ba a karya shi, kuma ƙanƙantar matsayinka ba za ta kare ka ba. A 1989 wani ɗan koyo mai suna William Goodwin, yana da 'yan watanni a mujallar The Engineer ta Ingila, ya samu bayanin matsalar kuɗi ta wani kamfani daga wata majiya. Kotu ta umarce shi ya bayyana majiyar, ya ƙi, aka ci shi tarar fam 5,000. Sai a 1996 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa an tauye masa haƙƙi, hukuncin da har yau ake kafa hujja da shi. 'Yan jaridar Washington Post da suka bi badaƙalar siyasar Amurka da ake kira Watergate sun riƙe sunan babbar majiyarsu sama da shekara 30, har sai da majiyar, wani mai suna Mark Felt, ya bayyana kansa a 2005.

Na gano na yi kuskure kuma an riga an buga. Me zan yi?

Ka faɗa da bakinka, yanzu, kafin wani ya faɗa. A watana na biyu na ƙara sifili ɗaya a kasafin wani aiki, miliyan 4 ta koma miliyan 40. Da dare na gano, na kwana ban runtsa ba, ina fatan ba wanda zai lura. Da safe na daure na je. Editan bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Kawo littafinka." Ya ga 4 na rubuta a can, wurin bugawa ne hannu ya zame. Ya sa na rubuta gyaran da kaina, ya kuma sa na buga wa mutanen waya na ba su haƙuri. Wayar ta fi komai ciwo. Bayan mako guda ya tura ni kotu ni kaɗai a karon farko, abin da na daɗe ban gane dalilinsa ba.

Kuskuren da ya taɓa mutuncin wani, kamar cewa an kama wanda ba a kama ba, ko kiran wanda ake tuhuma mai laifi tun kotu ba ta yanke ba, ya wuce gyara a shafi na biyu, yana iya zama ƙarar ɓata suna. Kada ka yi yunƙurin sasantawa da mutumin da kanka, kada kuma ka goge komai a intanet a ɓoye. Kai shi wurin edita tare da littafinka da muryar da ka naɗa.

Lokaci ya ƙure, ban samu wanda zan ji ta bakinsa ba. In ɗan ƙirƙiro magana ɗaya ko in kwafo daga wata jarida, wa zai sani?

Wannan ne kaɗai laifin da ba a yafewa a sana'ar nan. Jayson Blair ya shiga New York Times ne a matsayin ɗan koyo a 1998, ya yi ta samun ci gaba, har aka gano a 2003 cewa yana ƙirƙirar bayanai, yana kwafar na wasu, yana rubuta rahoto daga garuruwan da bai taka ba. Binciken jaridar ya samu matsala a aƙalla 36 daga cikin labarai 73 da aka duba, kuma manyan editoci biyu suka rasa kujerunsu. Kafin shi, a 1981, Washington Post ta mayar da kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta aikin jarida a Amurka, bayan an gano yaron da ma'aikaciyarta Janet Cooke ta ba da labarinsa babu shi a duniya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In ba ka samu mutum ba, ka ce wa edita ba ka samu ba, tun da sauran lokaci.

Haka batun manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Tambayi ƙa'idar gidan kafin ka taɓa su, kada kuma ka ɗauki suna, adadi ko maganar wani daga cikinsu ba tare da ka tabbatar a wani wuri ba. A watan Mayun 2025 jaridar Chicago Sun-Times ta buga jerin littattafai 15 da ta shawarci mutane su karanta, ashe 10 daga ciki ba a taɓa rubuta su ba, manhaja ce ta ƙago su.

An miƙa min ambulan bayan taron manema labarai, kowa ya karɓa. Ni fa?

Na san aljihun ɗan koyo, na kuma san nauyin ka zama kai kaɗai ka ƙi a gaban manya. Duk da haka wanda ya ba ka kuɗi yau, gobe in labarinsa mara daɗi ya zo hannunka, alƙalaminka zai yi nauyi ko ba ka so. Kundin ɗa'a na Tarayyar 'Yan Jarida ta Duniya, wanda aka amince da shi a Tunis a 2019, ya hana ɗan jarida cin wata moriya ta kansa saboda buga labari ko danne shi. Ba sai ka yi wa kowa wa'azi ba. "Na gode, ofishinmu ya hana" ta isa. In an cusa maka ba yadda za ka yi, kai wa edita ka faɗa masa daga ina.

Ana biyan ɗan koyo?

Ya danganta da ƙasa da gidan. A Faransa doka ta wajabta biyan alawus in zaman ya wuce wata biyu. A Amurka kamfanin mujallu na Condé Nast ya rufe shirinsa na 'yan koyo a 2013 bayan wasu sun kai shi ƙara kan rashin biya yadda ya kamata. A wurare da yawa kuwa ba a ba da komai. Ka tambaya kafin ka fara, a rubuce in zai yiwu: akwai alawus, wa zai biya kuɗin mota in an aike ka, ƙarfe nawa ake tashi. In ka ga wata shida sun wuce kana yin aikin cikakken ma'aikaci kyauta ana ce maka "ana duba maganarka," ba koyo kake ba kuma.

In aka tura ni wuri mai haɗari, ko wani babba ya matsa min da abin da bai dace ba fa?

Kana da ikon cewa a'a. Bai kamata a tura ɗan koyo tarzoma ko makamancinta shi kaɗai ba, kuma duk inda za ka, wani a ofis ya san wurin da lokacin dawowarka. In wani ne a ofis ko cikin waɗanda ake hira da su ke neman wuce gona da iri, rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa, adana saƙonni, ka kai wa wanda ke lura da kai, ko malamin da ya turo ka in mai lura da kai ɗin ne matsalar.

Za a ɗauke ni aiki in na gama?

Kada ka sa rai sosai. Tun da talla ta koma intanet jaridu da yawa suka rage ma'aikata, gurbi ba ya buɗewa don kawai ɗan koyo ya yi ƙoƙari. Abin da ya fi faruwa shi ne a ce ka ci gaba da turo labarai ana biyan ka a kan kowane ɗaya, ko kuma bayan wata takwas wani edita ya tambayi abokinsa ko ya san yaro mai hankali, sunanka ya faɗo. Wanda ake tunawa a irin wannan lokaci shi ne wanda ba a taɓa sake bincika adadinsa ba, kamar yadda na faɗa a amsar ƙananan ayyuka.

A makon ƙarshe ka nemi minti goma wurin editan labarai, ka tambaye shi abu ɗaya da ya kamata ka gyara. Ka karɓi takardar shaida tun kana nan, don bayan wata uku sai ka yi ta sintiri. Ka tattara duk abin da aka buga maka, na takarda ka yanke ka adana da kwanan wata, na intanet ka sauke kwafinsa, domin shafuka kan ɓace in jarida ta sauya tsari. Lambobin mutanen da ka yi hira da su kuma ka kwashe su daga waya zuwa littafi, kowanne da muƙaminsa da ranar da kuka yi magana.